Yadda ake fitar da iska daga birkin mota

Direban da ya saba da motarsa yakan gane cewa iska ta shiga birki tun kafin bakanike ya faɗa masa. Fedar da a da take tsayawa da tauri a rabin hanya sai ta koma laushi kamar an taka soso, ta yi ƙasa fiye da yadda aka saba, motar kuma ta ƙi tsayawa sosai sai an bubbuga birkin sau biyu ko uku. Wannan bubbugawar ita ce alamar da ta fi bayyana: idan feda ta ɗago ta yi tauri bayan an tattaka ta a jere, sannan ta sake yin laushi da aka bar ta na ɗan lokaci, to galibi iska ce a cikin bututun. Aikin fitar da ita, wanda a gareji ake kira bilidin, ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma mai mota da ya iya cire taya zai iya yin sa a gida tare da mataimaki guda ɗaya, in dai zai bi tsari kuma ba zai yi gaggawa ba.

Birkin ƙananan motoci yana aiki ne da mai. Idan ka taka feda, fistin da ke cikin masta, wato babbar silindar da feda ke turawa, yana tura man birki ta cikin siraran bututun ƙarfe da tiyon roba zuwa ƙafafun motar huɗu, inda man zai tura wasu fistin ɗin su matse faifan birki ko su buɗe shu a cikin diram. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, don haka ƙarfin da aka sa masa a wannan baki yana isa wancan bakin ba tare da ya ragu ba, ƙa'idar da masanin Faransa Blaise Pascal ya bayyana tun a ƙarni na 17. Iska kuwa tana matsuwa. Ƙwaya ɗaya ta iska da ba ta kai girman wake ba, idan ta maƙale a cikin bututu, sai ta shanye wani ɓangare na takun ƙafarka, domin sai ta gama matsewa kafin ƙarfin ya wuce zuwa taya. Tazarar da feda ke yi a banza kafin birki ya kama, ita ce tazarar da mota ke ci gaba da tafiya alhali direba ya riga ya taka.

Kafin a taɓa sifana, wajibi ne a tambayi kai ta ina iskar ta shiga, kuma a ganina wannan tambayar ta fi sauran aikin muhimmanci. Hanyar man birki a rufe take ruf, iska ba ta shiga haka kawai. Idan an canza kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ko tiyo, ko masta, ko ƙaramar silindar da ke cikin diram, an san dalili, domin an buɗe hanyar. Idan kuwa ba a yi wani gyara ba amma feda ta yi laushi, to ko dai man ya yi ƙasa a kofin masta har ta zuƙi iska, ko kuma akwai inda yake yoyo. A duba bayan kowace taya ko akwai danshi, a shafa tiyon roba a ga ko ya tsage ko ya kumbura, a bi bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin mota a ga ko tsatsa ta ci shi, a kuma leƙa inda masta ta haɗu da busta, wato gangar da ke ƙara wa takun feda ƙarfi, domin idan robar bayanta ta mutu man yakan zuba ta nan, fentin wurin ya ɗaɗɗaye. Wanda ya yi bilidin bai toshe yoyo ba, zai samu birki mai kyau yau, bayan mako guda kuma ya koma gidan jiya, wataƙila a kan hanya da iyali a mota.

Akwai kuma matsalolin da suke kama da iska amma bilidin ba ya maganinsu. Idan ka danne feda da matsakaicin ƙarfi ka riƙe, sai ka ji tana sulalewa ƙasa a hankali, kuma babu yoyo a waje, robobin cikin masta ne suka mutu, man yana zagaye fistin ya koma baya. Idan feda tana yin nisa kafin ta kama amma in ta kama da tauri take, a duba shu na baya, mai yiwuwa sun cinye ko sun yi nesa da diram suna son a saita su. Idan kuma feda ta yi tauri kamar dutse motar kuma ba ta tsayawa, laifin yana wajen busta ko tiyon da ke haɗa ta da inji.

Sai batun mai. A murfin kofin masta kamfani yakan rubuta irin man da motar ke sha, kuma abin da aka rubuta ɗin shi za a saya. Yawancin motocin Toyota da Honda da ke yawo a titunanmu DOT 3 ne a rubuce a murfinsu, motocin Turai kamar Volkswagen da Peugeot kuma galibi DOT 4. Sunan ya samo asali ne daga ma'aikatar sufuri ta Amurka wadda ta tsara ma'aunin, kuma bambancin da ke tsakaninsu yana ga zafin da kowanne ke iya ɗauka kafin ya tafasa. Sabon DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 a ma'aunin Salshiyas, DOT 4 digiri 230, DOT 5.1 kuma digiri 260. Waɗannan ukun asalinsu ɗaya, suna iya gauraya, kodayake bai kamata a zuba DOT 3 a motar da aka ce DOT 4 ba. Amma DOT 5, wanda babu ".1" a ƙarshen sunansa, da silikon aka yi shi, ba ya haɗuwa da sauran, kuma bai dace da motar da ke da ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi.

Halin man birki shi ne yana shan danshi daga iska. Da zarar ruwan da ya sha ya kai kashi 3.7 cikin ɗari, ma'aunin da aka amince wa DOT 3 yana sauka zuwa digiri 140, na DOT 4 kuma zuwa 155. A cikin gari ba lallai ne direba ya ji bambanci ba, amma a doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, inda ƙafa ke daɗewa a kan birki, kalifa takan ɗauki zafin da zai tafasa tsohon mai, tururi ya taru a cikin bututu, shi kuma tururi matsuwa yake yi kamar iska, sai feda ta tafi ƙasa gaba ɗaya. Saboda haka kamfanoni da yawa suke cewa a sauya man duk bayan shekara biyu, kuma saboda haka ne ba a amfani da gorar da aka buɗe tun bara aka ajiye a but. A sayi sabuwa mai hatimi. Rabin lita yakan isa fitar da iska, amma idan ana so a wanke tsohon man duka a tanadi lita ɗaya. Man inji, man giya da man sitiyari duk suna kumbura robobin birki su lalata su, ko da kaɗan ne ya shiga. Ruwan sabulun da wasu direbobin haya ke zubawa idan man ya ƙare musu a hanya kuwa, yana tafasa a kusan digiri 100, yana kuma sa tsatsa a cikin masta da kalifa, kuma duk motar da aka taɓa yi wa haka sai an wanke hanyar gaba ɗaya da sabon mai.

Kayan aikin kaɗan ne: jak da matokaran ƙarfe, wil sifana, sifana mai zobe daidai da nipul ɗin motar, wadda galibi lamba 8 ce ko 10, siririn tiyo da ake ganin abin da ke cikinsa mai tsawon kamar kamu ɗaya ko fiye, gorar roba mai tsabta, sirinji babba, tsumma, burushin waya, da ɗan guntun katako. Nipul shi ne ɗan ƙaramin noti mai rami a tsakiya da ke saman kalifa ko a bayan diram, da hular roba a kansa. Tiyon ya zama yana kama bakinsa tsam, in ba haka ba iska za ta riƙa shiga ta gefe ana ganin kumfar ƙarya.

A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri mai tauri, a kashe inji, a sa giya, a kafa duwatsu ko katako a gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, a ɗaga, a sa matokari, sannan a cire ta. Kada a yarda a zura kai ko hannu ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, musamman ganin cewa wani zai shiga ciki yana taka feda yana jijjiga ta. A goge murfin kofin masta da kewayensa kafin a buɗe, domin ƙurar hunturu da ta taru a wurin idan ta faɗa ciki ita ce ke kankare robobi. A zuƙe tsohon man da sirinji, a bar kaɗan a ƙasa yadda ramukan ba za su buɗe ba, a cika da sabo har layin MAX. A shimfiɗa tsumma a kewaye, saboda man birki yana cin fenti, kuma duk inda ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take. Idan ya fantsama a ido a wanke da ruwa mai yawa.

Wurin da mutane suka fi yin ɓarna shi ne wajen kwance nipul. Ƙaramin abu ne mai rami, ya shekara yana shan ruwan damina da laka, kuma idan aka ɗora masa ƙarfi ba tunani yakan karye a cikin kalifa, aikin awa guda ya koma neman kalifa a kasuwa. A kankare shi da burushin waya, a fesa masa man kwance tsatsa a bar shi ya jiƙa kamar minti goma, a ɗan ƙwanƙwasa gefen kalifa da ƙaramar guduma, sannan a sa sifana mai zobe a ja a hankali. Sifana mai buɗaɗɗen baki takan murje kusurwoyin notin, shi ya sa ban ba da shawarar a fara da ita ba. Idan ya motsa, a mayar da shi a ɗan ɗaure. Yana da kyau a gwada dukkan huɗun tun kafin a fara, don kada a yi uku a tarar na huɗu ya ƙi.

Tsarin da aka fi sani shi ne a fara da ƙafar da ta fi nisa da masta a ƙare da wadda ta fi kusa. A motar da sitiyarinta ke hagu, kamar yadda yake a Nijeriya da Nijar, wannan yana nufin bayan dama, bayan hagu, gaban dama, sannan gaban hagu. Amma ba kowace mota ce ke bin wannan ba. Motocin Honda da yawa ana fara su ne daga gaban hagu, a je gaban dama, bayan dama, a ƙare a bayan hagu, wasu motocin kuma da aka raba hanyar birkinsu a gicciye ana yin bayan dama sai gaban hagu, sannan bayan hagu sai gaban dama. Idan akwai littafin gyaran motar, abin da ya ce shi ne hukunci. Motocin ɗaukar kaya irin su Hilux kuma da yawansu suna da bawul a ƙarƙashin baya mai daidaita birki gwargwadon nauyin kaya, shi ma yana da nasa nipul ɗin da ake yi daga ƙarshe, ana kuwa yawan mantawa da shi.

Yanzu sai ainihin aikin. A zuba sabon mai kaɗan a gorar, kamar yatsa biyu, a sa zoben sifana a kan nipul, a cusa tiyo a bakinsa, ɗaya bakin kuma a nutsa shi cikin man da ke gorar. Mataimaki ya zauna a kujerar direba ya sauke gilashi yadda za su ji juna sosai. Kafin komai a sa ɗan katakon nan a ƙarƙashin feda, yadda ba za ta kai ƙasa can ba. Dalili kuwa shi ne a tsohuwar masta fistin ya saba kai-komo a wani ɗan yanki kaɗai, gaba da nan kuma datti da tsatsa sun taru a bangon silinda, to idan aka tura shi har ƙarshe sai robobin su bi ta kan wannan kaushin su yage. Mota da yawa ta shiga bilidin da lafiyayyar masta ta fito da matacciya ta wannan hanyar.

Mai sifana shi ne mai ba da umarni. Zai ce, “Buga.” Mataimaki ya taka feda sau uku ko huɗu a hankali, yana barin ta ta dawo sama sosai kowane taku. Bugun sauri irin na wanda ke fushi da feda yana farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa da ke gauraya da mai, waɗanda sai an jira sun sake haɗuwa kafin su fita. Sai ya ce, “Danne.” Mataimaki ya danne ya amsa, “Na danne.” Daga nan a buɗe nipul kwatan zagaye ko rabi. Mai zai fito ta tiyo da kumfa a cikinsa, wani lokaci har da ɗan tsaki, feda kuma za ta sulale ƙarƙashin ƙafar mataimaki har ta zauna a kan katako, ya ce, “Ta sauka,” ya ci gaba da riƙewa. A rufe nipul, sannan a ce, “Saki.” Duk aikin a kan wannan jerin yake tsaye: ba a sakin feda sai nipul ya rufu, domin feda idan tana dawowa zuƙa take yi, kuma in ta tarar da hanya a buɗe iska za ta janyo ta mayar ciki. Idan mataimakin yaro ne ko wanda bai taɓa yi ba, a gwada kalmomin nan da shi sau biyu kafin a buɗe komai, a kuma gaya masa cewa ko ƙafarsa ta gaji kada ya ɗaga sai ya ji “saki”.

A jira kamar daƙiƙa biyar zuwa goma masta ta sake cika, a maimaita. Idon mai sifana ya kasance a kan tiyo. Da farko man yakan fito baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa kamar shayin da ya daɗe a wuta, da manyan kumfa, daga baya kumfar ta ƙanƙance, launin ya washe ya koma garau irin na sabon da aka zuba. Idan an buɗe sau uku a jere ba a ga ko ƙwaya ɗaya ba, an gama da wannan ƙafar. Ƙwanƙwasa kalifa da ƙotar sifana a tsakanin buɗewa yana taimakawa wajen kakkaɓo kumfar da ta manne a bango. A ɗaure nipul daidai wa daida, da yatsu biyu a kan sifana, domin bakinsa mai tsini ne da ke toshe rami da ɗan ƙarfi kaɗan, a goge wurin, a mayar da hular roba.

Bayan kowace buɗewa huɗu ko biyar a tashi a leƙa kofin masta a ƙara mai, kada a bari ya sauka ƙasa da layin MIN. Idan aka shagala har kofin ya ƙafe, masta za ta zuƙi iska ta tura ta cikin dukkan bututun, sai an koma farko, aikin ma ya fi na da wahala. Man da ya fito cikin gora kuwa ba a mayar da shi, ko da ya yi kama da sabo.

Wanda ba shi da mataimaki yana da hanyoyi biyu masu sauƙi. Zai iya rataye gorar sama da nipul yadda tiyo zai hau sama ya cika da mai, ya buɗe nipul kwatan zagaye, ya shiga ya taka feda a hankali sau biyar ko shida, ya fito ya duba tiyo ya rufe. Tunda bakin tiyo a nutse yake, abin da zai koma baya mai ne. Ko kuma ya buɗe nipul kawai ya bar man ya riƙa ɗiga da nauyin kansa yana ƙara wa kofi, hanyar da take cin lokaci amma ba ta wahalar da masta. Manyan gareji suna da na'urar da ake ɗaurawa a bakin kofi tana tura mai da ɗan matsi kaɗan, ita ce kuma ta fi tsabta idan ana samunta.

Idan an zagaye ƙafafu huɗu feda ba ta yi tauri ba, akwai wurare uku da za a nema. Na farko masta, musamman idan sabuwa ce ko ta ƙafe: ana fitar mata da iska ita kaɗai, ko dai kafin a ɗaura ta, ta hanyar cika ta da mai a riƙa tura fistin a hankali da gajerun tiyo biyu da ke mayar da man cikin kofi, ko kuma a jikin mota, ta sassauta notin kowane bututu a bakinta yayin da mataimaki ya danne. Na biyu akwatin ABS, wanda ke da ƙananan bawuloli da iska ke ɓuya a bayansu. Idan ta shiga can, a motoci da yawa sai an haɗa kwamfutar gwajin mota ta kunna famfon tana buɗe bawulolin ana bilidin, kuma wannan aikin mai na'ura ne. Na uku shi ne wanda na gani da idona a wani gareji: an sa wa wata Corolla kalifofin gaba 'yan gwanjo, aka wuni ana buga ana saki, an ƙarar da gora uku ta mai har an fara zargin masta, sai wani dattijon bakanike da ya zo wucewa ya durƙusa ya leƙa, ya nuna nipul ɗin da yatsa. An sa ta dama a hagu, ta hagu a dama, nipul ya koma ƙasa. Iska sama take hawa, don haka ta taru a saman kalifa inda babu mafita. Da aka musanya su, cikin minti ashirin birki ya kama. Duk kalifar da aka ɗaura, nipul ɗinta ya kasance a sama da inda tiyo ya shiga.

Idan an gama, a cika kofi zuwa MAX a rufe, a mayar da tayoyi, a sauke mota, a ɗaure notuna a gicciye. Inji yana kashe a taka feda sau da yawa har ta yi tauri, a danne ta da ƙarfi na rabin minti. Ya kamata ta tsaya cak ba ta sulalewa. Ƙafa tana kai a tayar da inji, za a ji ta ɗan sauka kaɗan, alamar busta tana aiki ke nan. A sake zagayawa a shafa kowane nipul da kowace mahaɗa da busasshen yatsa a ga ko akwai danshi. Gwajin farko a yi shi a fili ko layin da babu mutane, da gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, hannu kusa da hambirki, a taka a ga motar ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ɗaya ba, sannan a ƙara gudu kaɗan a sake. Washegari da safe, kafin a fita, a sake duba kofi da ƙasan da motar ta kwana. Tsohon man kuma a rufe shi a gorarsa a rubuta abin da ke ciki a kai wa gareji, kada a zubar a kwata ko a bar shi inda yara da dabbobi za su kai gare shi, domin guba ne idan aka sha.